Kwambatar Giyabos: Wadda Ta Dace Da Hanyar Jabo



Maganar da za mu yi yau ta shafi wani ƙarfe ne da ke ɓoye tsakanin inji da giyabos a cikin mota mai giyar otomatik, wanda kanikawa ke kira kwambata. Mun zaɓi wannan batu ne domin galibinmu, da zarar an fara karɓar albashi, ba abin da ke zuwa a rai sai mota 'yar Kwatano, kuma tun da wasan mota ya shiga bukukuwa, samari sun fara jin labarin wata kwambata da ake cewa tana sa mota ta zabura kamar doki.

Mota mai giyar hannu kuloci ne ke haɗa injinta da ƙafafu. Ita kuwa otomatik, mai ne ke wannan aiki. A ɗauki misalin fanka biyu da ke fuskantar juna: in an kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar. Haka abin yake a cikin kwambata, sai dai man giya ne a maimakon iska, sa'an nan akwai fanka ta uku a tsakiya mai mayar da man baya, wadda ke ninka ƙarfin tashin mota kusan sau biyu. Wani Bajamushe, Hermann Föttinger, shi ya ƙago dabarar a 1905 saboda jiragen ruwa, kamfanin Buick na Amurka kuma ya sa ta cikin motocinsa a 1948.

Kowace kwambata tana da iyakar juyin da inji zai kai in an danne birki an taka totur. Wadda ta zo daga masana'anta takan tsaya wajen juyi 2,000 a minti. Wadda ake ta yabo kuwa tana barin inji ya haura 3,000 ko fiye kafin ta riƙe sosai. An yi ta ne domin motocin tsere na Amurka, waɗanda aka sake wa kayan cikin inji har ƙarfinsu ba ya fitowa sai sun yi juyi mai yawa, ga shi kuma tseren nasu wajen mita 400 ne kawai. Injin Camry ko Accord da ba a taɓa ba, tun daga ƙasa ƙarfinsa ke fitowa. Abin da za a ƙaru da shi kaɗan ne, ban da ƙara.

To, sai mu dawo gida. Duk lokacin da fankar farko ta fi ta biyu gudu, bambancin nan zafi yake zama, kuma man giya ne ke ɗauke da shi. A ƙasar Sakkwato zafin Afrilu yakan wuce digiri 40. Mutum ya taso daga Jabo ranar kasuwa, ga iyali, ga buhun gero a but, ya sauka daga kwalta ya shiga rairayi wajen ƙauyukan Kebbe yana tafiya sannu sannu: nan ne kwambata mai babban juyi ke zamewa ba hutawa. Gaskiya ne motocin zamani suna da wani ɗan kuloci da ke kulle kwambata, amma yawanci sai tafiya ta miƙe, kamar a kan titin Tambuwal zuwa Jega. A cikin rairayi ba ya taimakon kowa. Man da yake ja sai ya koma baƙi-baƙi yana ƙauri, daga nan sai giyabos. Ba a banza iyayenmu suka riƙe Fijo 504 mai giyar hannu da ake harhaɗawa a Kaduna a wancan lokaci ba.

Ga kuma batun fetur, wanda tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023 ya zama abin lissafi ga kowane ma'aikaci. Juyin da inji ya yi a banza, daga aljihu ya fito.

Ba mu ce haramun ba ne. Wanda ya gyara injinsa, ya kuma san inda ƙarfinsa ya fi fitowa, yana iya neman wadda ta ɗara ta asali da ɗan kaɗan. Sai dai lalle iyakarta ta kasance ƙasa da juyin da motar ke yi a tafiyar yau da kullum, in ba haka ba zamewa ba ta ƙarewa. Kada kuma a dogara ga lambar da aka rubuta a kwali, gama kwambata ɗaya takan ba da juyi dabam a inji mai ƙarfi ko mota mai nauyi. Wajibi ne har wa yau a ƙara wa man giya ƙaramin lagireto nasa na kansa.

Wanda ke son ya san iyakar tasa, ya ja hambirki, ya danne birki, ya sa giya a D, ya taka totur yana duban allurar juyi. Kada ya wuce daƙiƙa biyar, sa'an nan ya bar motar tana silo har man ya huce kafin ya sake.