Amsar Wasiƙunku: Me Ya Kamata Mai Sana'ar Kuɗi Ya Sa A Katinsa?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga Katuru, cikin ƙaramar hukumar Shinkafi ta Jihar Zamfara. Mai wasiƙar ya ce sana'arsa ita ce cire wa mutane kuɗi da tura musu da na'urar POS, yana kuma riƙe wa wasu 'yan kasuwa adashi. Ran Alhamis yana cin kasuwar Shinkafi, wasu ranakun kuma yakan leƙa Ƙaura Namoda da Zurmi. Ya ce yana son ya buga ɗan katin sana'a irin wanda ma'aikatan banki ke miƙa wa mutane, har an nuna masa samfur mai ɗauke da hotonsa, da hoton ɗaurin kuɗi, da tambarin bankuna biyar, da lambobin waya uku, da kwatancen gidansa. Shi ne yake tambaya, ya buga haka nan, ko akwai gyara?

To malam, mun gode da wannan wasiƙa, kuma amsa a taƙaice ita ce akwai gyara, gyaran kuwa ragi ne. Katin nan ɗan mitsitsi ne, tsawonsa kamar milimita 85, faɗinsa 55, wato kusan daidai da katin ATM da kake karɓa hannun mutane kullum. Aikinsa guda ne, wanda ya riƙe shi ya san ko kai wane ne, ya san abin da kake yi, ya san yadda zai same ka. Duk abin da bai taimaka wa wannan ba, cin wuri ne kawai. In aka cika kati da zane da launi, lambar wayar da ake nema sai ta ɓace a tsakiyar tarkace.

Abu huɗu sun ishe ka. Na farko sunanka, kuma sunan da aka san ka da shi a kasuwa. In kowa laƙabi yake kiranka da shi, sa laƙabin a ƙarƙashin sunan yanka, don manomin da ya zo daga ƙauye da shi zai yi tambaya. Na biyu sana'arka, cikin layi ɗaya da Hausa: cire kuɗi, tura kuɗi, adashi. Na uku lambar waya guda ɗaya wadda kullum take kunne. Na huɗu wurin da kake zama a kasuwa da ranar da ake samunka, misali layin 'yan hatsi, ran Alhamis. In ka yi rajistar sana'arka, kana iya ƙara lambar rajistar da ƙananan baƙaƙe a ƙasa. Tun a 2024 hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta umarci masu sana'ar POS su yi rajista, saboda haka lambar nan shaida ce da ke kwantar da hankalin mai hulɗa da kai.

Bari mu ɗan tsaya a kan lambar waya, don ita ce zuciyar katin. Lambar waya a Nijeriya alƙaluma 11 ce. In aka jera su a manne, ido yakan tsallake guda, kuɗi kuwa ba a wasa da kuskuren alƙalami ɗaya a cikinsu. Ka ce wa mai ɗab'i ya raba ta kashi uku: huɗu, uku, huɗu, ya kuma sa ta fi kowane rubutu girma bayan sunanka. Ka tuna masu hulɗa da kai da yawa dattawa ne, wasu idonsu ya yi rauni, wasu da hasken tocila za su duba da dare. In kana ganin lallai sai layi biyu saboda matsalar sabis, to biyu sun isa, na kamfani dabam dabam. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar har tsawon makonni saboda matsalar tsaro. A irin wannan hali babu lambar da ke aiki, wanda ya rubuta rumfarsa da ranar kasuwarsa a kati shi ake iya samu.

Sai batun lambar asusu. Wasu na jin tsoron rubuta ta. Lambar asusu kaɗai ba ta isa a cire kuɗi daga ajiyar mutum, turawa ake yi da ita. Alƙaluma 10 ce, kuma in za ka sa ta, ka sa ta asusun sana'a, ka rubuta sunan banki da sunan asusun daidai da yadda yake fitowa a waya, harafi da harafi. Amfanin haka shi ne mai turo kuɗi ya gwada sunan da ya fito masa da wanda ke jikin kati kafin ya danna. In sun saɓa, sai ya dakata ya kira ka. Wannan ɗan layi guda yana hana rigimar da kan kai mutane gaban mai unguwa ko alƙali.

Yanzu ga abin da ba za ka sa ba, kuma a nan muke son ka buɗe kunne sosai, kai da duk mai irin sana'arka a Shinkafi da Zurmi da Ƙaura. Kada ka sa kwatancen gidanka. Kada ka sa hotonka. Kada ka sa hoton ɗaurin kuɗi, kada kuma ka rubuta cewa kana biyan miliyan kaza nan take. Kati yawo yake yi, wanda ka ba yau ba ka san aljihun da zai kwana gobe ba. Kowa ya san halin da yankin nan ke ciki na 'yan bindiga da satar mutane don neman fansa, kuma an san akwai masu kai musu rahoto. Takardar da ta haɗa fuskarka da ƙofar gidanka da shelar kana da kuɗi, ai ka yi wa mugu rabin aikinsa. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Wanda yake neman ka don sana'a, rumfa ta ishe shi.

Haka nan tambarin bankuna. Tambari mallakar mai shi ne. In kai wakilin kamfani guda ne, ka nemi izininsu kafin ka sa nasu, sauran kuwa ka bar musu abinsu. Kada ka sa tambarin gwamnati ko na Babban Bankin Nijeriya, don kai ba ma'aikacinsu ba ne, kuma mai hankali in ya ga haka zargi zai fara. Manyan muƙamai na Turanci su ma ka ajiye su. Mutumin da zai miƙa maka kuɗin geronsa na shekara amana yake nema, amana kuwa a kasuwa ake gane ta, ranar da alat ya makara ka tsaya ka warware matsalar.

To bayan katin fa, a bar shi fari? Muna ba da shawarar abu biyu. Na ɗaya, ka rubuta sunanka da sana'arka da ajami. Jama'a da yawa a karkara sun yi makarantar allo, ajami ya fi musu sauƙi da boko. Dubi takardun Naira 200 da 500 da 1000, har bayan sauya musu launi da aka yi a ƙarshen 2022 adadinsu na nan rubuce da ajami. Ka samu malami mai kyan hannu ya rubuta, mai ɗab'i ya ɗauki hotonsa ya ɗora. Na biyu, ka sa gargaɗi layi ɗaya: ba na tambayar lambar sirri ko BVN ta waya. Lambar BVN, wadda aka fara bayarwa a 2014, da lambar sirrin kati su ne 'yan damfara ke farauta, sukan kuma kira da sunan wanda aka amince da shi. In wani ya kira abokin hulɗarka ya ce kai ne, katinka zai ƙaryata shi.

Game da launi, baƙin rubutu a kan farar takarda ya fi komai fita. In kana son alama, zaɓi launi ɗaya da ya dace da laimarka ko fentin rumfarka, ka ja layi da shi a gefe. Wanda bai iya karatu ba sam, da launin zai gane cewa katin mai koriyar laima ne. Takarda ta zama mai kauri, wadda masu ɗab'i ke kira giram 300, don aljihun manomi akwai gumi da goro. A rufe fuskar da leda, amma a bar bayan haka nan, saboda biro ba ya kama leda, kuma wata rana za ka so ka rubuta wa mutum ranar ɗibar adashinsa. Sai dai ka sani kati ba rasit ba ne. Zubin adashi littafi ake buɗe masa, cire kuɗi kuma a ba mutum takardar da na'ura ta fitar.

In ka je maɗaba'a a Gusau ko a Ƙaura, kada ka yarda a buga da yawa sai an fitar maka da guda ɗaya ka gani. Ka miƙa wa wani ya kira lambar da ke jiki a gabanka, in wayarka ta yi ƙara, to daidai ne. Ka ba dattijo ya karanta ba tare da tabarau ba. Sannan ka fara da guda 100 kawai, don lamba kan canza, rumfa kan tashi. Ranar da ka bar wani layi, ka ƙona ragowar katin da ke ɗauke da shi, ka kuma sanar da mutanenka, domin kamfanonin waya sukan sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, sai ka ji kuɗin wani ya faɗa hannun baƙo.

Da fatan mai wasiƙarmu na Katuru ya gamsu. Allah Ya yi wa kasuwa albarka, Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Sai mun ji daga gare ku, mu kwana lafiya.