JAWABI KAN TSOFAFFIN HOTUNANMU

Ƴan uwa ƴan Ɗan Gulbi mazauna Dakoro, Maraɗi, Yamai da Kano, barkanku da zuwa.

Maganata ta yau kan hotunan nan ce da ke kwance cikin adakokinmu, ƙarƙashin tufafi, gara na ci, damina na ɓata su. Kowane gida da nasa: wannan na fareti, wancan na bakin kanti, wani na ranar kasuwa.

Ku ɗauki na fareti tukuna. Ranar 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriya, ranar 3 ga Agusta 1960 aka samu ƴancin kai. Tun zamanin Diori Hamani, in waɗannan ranaku sun zagayo, akan taru a Dakoro, mahaya da makaɗa da ƴan lakkol, kowa ya wuce gaban hukuma. Bayan 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya raya Samariya, sarkin samari ya shiga gaba, ƴan mata da anko a baya. Daga 1975 aka haɗa bukin Agusta da dashen itace. Saboda haka, in kun ga hoto ana riƙe da ɗan itace, kun samu hasken shekarunsa ke nan.

Na biyu, hotunan sana'a. A cikinsu za ku ga sikelin gujiya, da tela bisa kekensa, da mahauci, da mai tebur, da kantin da ake sayen gishiri da kananzir da atamfa. Gujiyar ƙasar Kornaka Maraɗi take nufa, inda manyan kamfanoni irin su CFAO da SCOA suke. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA, cinikin ya koma hannunta. Farin 1973 da 1974 ya karya noman, yunwar 1984 ta watsa mutane. Da yawa cikinmu dalilin barin gida ke nan. Yaron da aka haifa a Kano bai san kakansa ya taɓa riƙe sikeli ba, sai an nuna masa.

To, ga inda damuwar take. Hoto ba ya magana. In babu suna a bayansa, ranar da dattijon da ya san mutanen ciki ya kwanta dama, sun zama baƙi ko ga jikokinsu. A Bamako, Seydou Keïta da Malick Sidibé sun adana abin da suka ɗauka, yau duniya duka na kallon mutanen garinsu. Mu namu a warwatse suke, kuma masu sanin fuskokin suna raguwa kowace shekara.

Ga abin da muke roƙo:

1. Kowa ya fito da hotunan gidansu, ko sun yage.
2. A zauna da tsoho ko tsohuwa, a tambayi sunan kowa, da wurin, da bukin. In shekara ta ɓace, a ce kafin fari ko bayansa.
3. A rubuta a baya da fensir, don tawada na hudowa ta ɓata fuska.
4. Samari su ɗauki kowane hoto da salula, gaba da baya, a ba magatakardan ƙungiya.
5. Na asali ya koma hannun mai shi, cikin ambulan, nesa da laima da rana.

Iyaye mata, ku ne kuka fi kowa sanin ɗiyar wane ce wance, da gidan da ta yi aure. Kada ku ce wannan aikin maza ne. Ku kuma masu zuwa gida da Sallah, kada ku koma birni ba ku zauna da dattawa an yi wannan rubutu ba.

Allah shi jiƙan magabatanmu, shi ba mu damina mai albarka.