GUBAR DA BA TA DA LAUNI: JAWABI GA MAZAUNA UNGUWANNINMU NA JOS



 Kwamiti ya ɗora mana nauyin mu yi magana a kan gubar da ke shiga ruwa da ƙasa da iska a wannan gari namu, da yadda take cutar da mai rai, da kuma hanyoyin da ake bi a kawar da ita.

Tun muna yara a Islamiyya aka koya mana a duba ruwa ta fuska uku: launinsa, da ɗanɗanonsa, da warinsa. Wannan ma'auni ne na tsarki, kuma yana nan daram a wurinsa. To amma ta fuskar lafiya akwai gubar da ba ta canja ko ɗaya daga cikin ukun nan. Ruwa garai-garai, kabeji kore shar, ɗaki an yi masa shafe sumul, alhali kuwa cuta tana ciki. Ita ce za mu tsaya a kanta yau, domin kowace iri da yadda ake fitar da ita, kuma maganin wata ba ya yi wa wata.

GADON KUZA

Da yawa daga cikinmu kuza ce ta kawo kakanninmu nan. Turawa sun soma haƙarta a farkon ƙarni na 20, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, kamfanoni irin su ATMN suka yi ta yaye ƙasa daga Bukuru zuwa Barikin Ladi. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, aiki ya mutu, aka bar mana ɗaruruwan kududdufai da tsibin ƙasa. Kowa ya san kududdufan nan suna cin mutane da dabbobi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne dusar da ke raguwa bayan an tace kuza.

A cikin wannan yashi mai nauyi akwai wasu ma'adinai, irin su monazait da zirkon, masu ɗauke da sinadaran toriyom da yuraniyom. Waɗannan suna fitar da wani tururi da ba a gani, ba a ji, amma yana ratsa jiki yana lalata ƙwayoyin halitta sannu a hankali. Yuraniyom kuma yana haifar da wata iska da ake kira radon, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cikin manyan abubuwan da ke kawo sankarar huhu bayan taba sigari. Masana, har da na Jami'ar Jos, sun sha aunawa a wuraren tace kuza, sun tarar tururin ya fi na sauran wurare yawa. To ga inda matsalar take: yashin nan yana da araha, yana da laushi, sai wani ya kwasa ya yi bulo ko shafen ɗaki da shi. Ka ga ya shigo da abin inda 'ya'yansa suke kwana, ga sanyin Jos ya sa an rufe taga ruf.

Wannan guba ba ta wankuwa, ba ta ƙonewa, tafasawa ba ta yi mata komai. Hanyarta ɗaya ce: a nisanta ta da mutane, a binne, a rufe da ƙasa mai kauri. Kada a sayi yashin gini daga wurin tace kuza. Kada a ajiye buhunan kuza ko kolumbait a ɗakin kwana ko a zaure. Wanda ke aiki a injin tacewa ya rufe hanci da baki, ya canja tufa kafin ya dawo gida.

KOGIN DILIMI

Yanzu mu bar abin da muka gada, mu zo ga abin da muke yi da hannunmu. Dilimi ya ratsa ta tsakiyarmu, kuma babu abin da ba ma zuba masa: shara, ruwan masai, jini da tumbin mahauta, ruwan rini, baƙin man gareji. Kifi da kwaɗi da ƙwarin ruwa da iskar da ke narke cikin ruwa suke numfashi. Idan ƙazanta ta yi yawa, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita sai su shanye iskar, kifi ya shaƙe. Baƙin mai kuma shimfiɗuwa yake yi a saman ruwa kamar mayafi, ya hana sabuwar iska shiga. Leda kuwa a tambayi mahauta abin da suke fitarwa daga tumbin saniya da akuya. Dabba tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani, ashe leda ce ta cunkushe ciki. Ita dai wannan leda ita ke toshe magudanai, kuma ba mu manta da ambaliyar watan Yuli na 2012 ba, wadda ta ci rayuka a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo.

Sannan ku tuna ruwan nan ba a nan yake tsayawa ba. Da shi masu lambu ke ban-ruwa da rani. Latas da alayyafo da karas ɗin da ake saukewa a Farar Gada, wani daga bakin Dilimi ya fito. Daga nan kogin ya gangara ƙasar Bauchi ya zama kogin Jama'are. Abin da muka zubar a Gangare, wani bawan Allah yana sha a can.

Akwai kuma tokar bola. Masu lambunmu sun daɗe suna sayen shara mota-mota, su ƙona, su zuba tokar a gona. Dabara ce mai kyau, domin ƙasar Jos tana da tsami, toka kuwa tana kashe tsamin tana ƙara wa shuka ƙarfi. Amma sharar da ba irin ta yau ba ce. Da can toka ce da kashin dabbobi da ɓawon rogo. Yau akwai batir, da gwangwanin fenti, da fasasshiyar waya, da roba. Wuta tana cinye takarda, amma ba ta cinye ƙarfe mai guba kamar dalma, sai ma ta tattara shi cikin tokar.

DALMA DA YARANMU

Jama'a, a nan muke so a ƙara kasa kunne. Dalma ba ta da wani amfani a jikin ɗan Adam, amma jiki yana ruɗuwa ya ɗauke ta kamar sinadarin da ke gina ƙashi. Sai ta shiga jini, ta je ƙwaƙwalwa da ƙoda, ta kwanta cikin ƙashi da haƙori shekara da shekaru. Mace mai ciki tana iya miƙa wa ɗan da ke cikinta. Yaro ƙarami kuwa jikinsa yana tsotse ta ninki huɗu ko biyar fiye da babba, ga shi kullum hannunsa daga ƙasa sai baki. Idan ta yi yawa sai amai da farfaɗiya da mutuwa. Idan kaɗan ce ba a ganin komai, sai dai yaro ya zama ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Likitoci sun ce babu wani adadi na dalma da za a ce ba ya cutarwa.

Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010. Mutane a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suna kawo dutsen zinariya cikin gida suna daka, suna niƙa, ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙura ta bi tsakar gida da ɗakuna, yara fiye da 400 suka rasu. A 2015 aka sake irin wannan a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Kada mu ce ai nesa ne. A Jiharmu ta Filato ana haƙar dalma a Zurak ta ƙasar Wase, kuma a cikin gari muna da masu fasa tsohon batirin mota suna narkawa, wani ma a bayan gida. Akwai tsohon fenti, akwai kuma baƙin kwallin dutse da ake sa wa jarirai, wanda galibinsa dutsen dalma ne.

Yadda aka yi aikin Zamfara darasi ne. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana da maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, amma babu amfanin a ba yaro magani ya koma cikin ƙurar da ta sa masa cutar. Don haka sai da aka bi gida-gida aka kankare ƙasar sama, aka kwashe aka binne a rami na musamman, aka zubo sabuwa. Garin Bagega sai a 2013 aka samu kuɗin yi masa haka. Kuma duk da wannan ɗawainiya, abin da dalma ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa magani ba ya mayar da shi. Rigakafi ya fi magani, in ji Hausawa. Ko dalmar da ake zubawa a man fetur a da, duniya ba ta iya tsince ta daga iska ba, hana zubawar aka yi, har ƙasar ƙarshe, wato Aljeriya, ta daina a 2021.

MAGANIN ƘWARI

Wannan kuma mu 'yan kasuwa ta fi shafa. An san ana yayyafa fiya-fiya a wake da busasshen kifi don kada su yi ƙwari. Maganin nan jijiya yake kamawa, kuma yadda yake kama ta ƙwaro haka yake kama ta mutum, bambancin yawa ne kawai. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda shi. Turawa sun ƙi, mu muna dafa wa 'ya'yanmu. Wasu magungunan kuma, kamar DDT da gamalin, ba sa ruɓewa da wuri. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye ƙananan, tsuntsu ko mutum ya ci babban, gubar tana taruwa a kitse tana ƙaruwa daga baki zuwa baki. Shi ya sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a Sitokholm a 2001 don kawar da irinsu. Alhali kuwa akwai mafita: buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ko duro mai murfi. In aka ɗaure iska ba ta shiga, ƙwari su mutu da kansu, babu ko ɗigon magani.

ME KE FITAR DA ME?

To bari mu jera, don kada a haɗa.

Tafasa ruwa da sa masa kulorin suna kashe ƙwayoyin cuta irin na kwalara da taifot. Amma ba sa fitar da dalma. Tafasawa ma ƙara mata kauri take yi, tunda ruwa ne ke tashi, ita tana nan.

Alif da garin 'ya'yan zogale suna kwantar da laka. Matatar yashi da gawayi tana rage dauɗa da wari da wani abu na maganin ƙwari, amma kada a dogara da ita a kan ƙarfe mai guba. Rijiyar da ake zargi sai an kai ruwanta ɗakin gwaji. Idan an samu dalma a bar shan ta. Sabuwar rijiya kuma a nisanta ta da masai, in da hali kamar mita 30, kuma kada ta kasance a gangarensa.

Ƙasar da baƙin mai ya jiƙa tana gyaruwa. Akwai ƙwayoyin halitta a cikin ƙasa masu cin mai. In aka cakuɗa ta da kashin kaji ko na shanu, ana juyawa ana yayyafa ruwa, cikin watanni za ta farfaɗo. Amma mafi sauƙi shi ne kowane gareji ya ajiye duro yana tara man.

Tsire-tsire ma suna aiki. Kacala da jema suna tace ruwan kwata kafin ya faɗa kogi, saiwarsu kuma tana riƙe gaɓa. Sai dai ciyawar da ta tsotsi guba ba a ba dabba, kuma ba a zuba tokarta a lambu. A kan tsibin ƙasar kuza hukuma ta dasa itacen turare, wanda muke kira rastata, tun zamanin Turawa. Ya ba da itace ya riƙe ƙasa, amma bai mayar mata da ƙarfinta ba. Itace irin gawo, mai zubar da ganye yana takin ƙasa, shi ya fi gyara ta.

ABIN DA MUKE ROƘO

Na farko, kowane gida ya ware batir da fasassun kayan lantarki da gwangwanin magani daban, kada su shiga bolar da masu lambu za su saya. Iyayenmu mata, wannan a hannunku yake. Haka kuma a wanke ganye sosai da ruwa mai kyau, a wanke hannun yara kafin su ci abinci.

Na biyu, kada a fasa batir ko a daka dutsen ma'adini a cikin gida ko kusa da makaranta. Masu unguwanni su zauna da masu sana'ar a nema musu wuri a gefe. Ba hana su neman abinci ake nufi ba.

Na uku, shugabannin kasuwa, musamman na 'yan hatsi, su yi doka a tsakaninsu a kan fiya-fiya. Wanda ya sayar wa mutane abin da shi ba zai ci ba, ya san matsayinsa.

Na huɗu, wannan ƙungiya ta rubuta wa hukumar tsabtace muhalli ta jiha, wato PEPSA, da ta tarayya, wato NESREA, a nemi a auna ruwan rijiyoyinmu da ƙasar lambunan bakin Dilimi, a kuma gaya mana sakamakon da Hausa. Mu tafi tare da maƙwabtanmu Birom da Anaguta da Afizere da sauran mazauna gari, domin ruwa ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

 Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.