Mudu Ɗaya a Kasuwa Goma: Tsara Binciken Abincin Matasa a Garuruwa da Yawa



Maganata a yau ita ce yadda ake shirya bincike guda wanda za a gudanar a garuruwa da yawa lokaci ɗaya, a kan abin da samari da 'yan mata ke ci da yadda suke motsa jiki. Misalina daga Turai yake, wato binciken da ake kira HELENA, wanda Tarayyar Turai ta biya kuɗinsa, Farfesa Luis Moreno na Jami'ar Saragosa a ƙasar Sifen kuma ya shugabance shi. Tsakanin 2006 da 2007 aka auna yara sama da 3,000, masu shekara 12 da rabi zuwa 17 da rabi, a birane 10 na ƙasashe 9, cikinsu har da Atina da Rum da Biyana.

To, wahalar irin wannan aiki ba a yawan yaran take ba, a wurin awo take. Kowa ya san in mudun wannan kasuwa ya fi na waccan girma, ba a iya faɗin inda gero ya fi araha. Haka nan in mai awo a Rum yana ɗaure tef a ƙugun yaro, na Atina kuwa yana sassautawa, sai a buga rahoto cewa yaran Atina sun fi ƙiba, alhali kuwa hannun ma'aikata ne ya bambanta.

Saboda haka aka tara masu awo aka horar da su tare, aka kuma gwada su don a ga ko mutum biyu za su sami amsa ɗaya a jikin yaro ɗaya. Jinin da aka ɗiba daga wajen sulusin yaran, da safe kafin karin kumallo, birnin Bon na Jamus aka aika da shi. Maimakon a dogara da bakin yaro kaɗai kan motsa jiki, sai aka ɗaura masa ƙaramar na'ura a ƙugu har kwana 7. Abinci kuwa, kowane yaro ya shigar da abin da ya ci jiya a kwamfuta, sau biyu, a ranakun da ba sa jere, aka lissafa duka da jadawalin abinci na Jamus. Lalle girkin Bagirke ba na Bajamushe ba ne, amma a ganina gara wannan gurguncin da jadawali tara masu saɓa wa juna.

Sai dai a lura, daga makarantun manyan birane aka zaɓo yaran nan. Wanda zai kwaikwayi tsarin a Kano da Sakkwato da Maraɗi, in ya tsaya a ƙofar sakandare, ya bar almajiri, ya bar mai talla, ya bar yarinyar da aka aurar tana shekara 15, ita ce kuwa ƙarancin jini ya fi yi wa barazana in ta ɗauki ciki. Tambayar malmala nawa ka ci ba ta da amsa a gidan da yara biyar ke sa hannu a kwano ɗaya. Ga kuma lokaci: garin da aka auna da kaka, rumbu cike, ba a gwama shi da wanda aka auna tsakiyar damina, balle da watan azumi. Wajibi ne shugabannin cibiyoyin su zauna su tsai da wata guda na awo tun kafin a sayi sikeli ko ɗaya.