Kusurwar Finiyan da Zaɓen Hannuwan Aksul na Baya: Darasi Daga Motar Mustang



Tambayar da mai motar tsere ya fi kawo wa bakanike ita ce: digiri nawa zan sa finiyan? Wannan takarda tana cewa tambayar ta zo kafin lokacinta. Sai an san irin hannuwan da ke riƙe da aksul, da irin bushin da ke bakinsu, sannan za a san digirin. Zan kafa hujja da Mustang ta kamfanin Ford a Amurka, domin daga 1979 har zuwa 2004 tsarin bayan yawancin samfuranta bai sauya ba: aksul guda mai ɗauke da tayoyi biyu, hannuwa biyu a ƙasa, biyu a sama.

Mu fara da kuros ɗin furofela, tunda shi ne tushen rigimar. Muddin akwai lanƙwasa tsakanin sandunan da ya haɗa, kuros ba ya miƙa juyi daidai wa daida. A kowane zagaye guda, sandar da ake ja takan ƙara sauri sau biyu, ta rage sau biyu. A digiri 3 wannan hawa da sauka bai kai kashi 0.2 cikin ɗari ba. A digiri 10 ya kai kashi 1.5. Wani zai ce wannan ai ba komai ba ne. To, a ɗauki mota mai giyar baya 3.73 da taya mai tsayin inci 26. A gudun kilomita 100 cikin awa, furofelarta tana juyi kusan sau 3,000 a minti, wato tana fizga sau 100 a daƙiƙa. Wannan ita ce karkarwar da direba ke ji a ƙarƙashin kujera, har madubi ya daina nuna komai sosai.

Maganin yana cikin kuros na biyu. Idan lanƙwasar gaba da ta baya suka zo ɗaya, kunnuwan furofela kuma suna kan layi guda, abin da kuros na gaba ya ɓata na baya zai gyara. Ƙa'idar kamfanin Spicer, masu ƙera waɗannan kaya, ita ce kada kowace lanƙwasa ta wuce digiri 3, kada bambancinsu ya wuce digiri 1, kuma kada kowace lanƙwasa ta gaza rabin digiri. Sharaɗin ƙarshe shi aka fi mantawa. Idan komai ya miƙe sambal, alluran boris da ke cikin kofin kuros ba sa mirginawa, sai su tsaya wuri ɗaya suna cin ƙarfe har su yi masa zane.

Da aksul zai tsaya inda aka ajiye shi, da magana ta ƙare nan. Amma da zarar an taka totur, finiyan yakan yi ƙoƙarin hawa babbar giyar da yake juyawa, sai hancin aksul ya ɗaga sama. Abin da ke hana shi wuce gona da iri shi ne hannuwan nan huɗu, kuma gwargwadon taushin bushinsu, gwargwadon ɗagawar. Shi ya sa ake sunkuyar da finiyan kaɗan a tsaye, domin ya zo daidai lokacin da injin ke aiki. Masu tseren miƙaƙƙiyar hanya kan bar digiri 1 zuwa 2 idan bakin hannuwan ƙwallon ƙarfe ne, su ƙara idan roba ce, motar da ke kan sifirin mai falle-falle kuwa takan kai 5 ko fiye. Wanda ya taɓa ƙara wa Hilux falle ya ga ta fara rawa a kan hanya, wannan lissafin ne ya taɓa.

Ga yadda awon yake. A sa motar a kan rami ko gadar da ake hawa da taya, nauyinta duka a kan ƙafafunta, mai a tanki, in da hali da nauyin direba a kujera. Awon da aka yi an ɗaga jikin mota da jak, aksul na reto, ɓata lokaci ne. A ɗora ma'aunin kusurwa a fuskar da furofela ke ɗaurewa ko a kan kofin kuros bayan an goge datti, kada a kan ƙoƙon aksul, domin zubin ƙarfe ne, ba shi da santsin da za a amince da shi. A ce layin injin da giyabos ya gangara baya da digiri 3, furofela ta gangara da 1. Lanƙwasar gaba 2 ke nan. Finiyan zai yi daidai idan hancinsa ya kalli sama da digiri 3 a cikin aiki, don haka motar titi sai a ajiye ta a 2, a bar wa roba digiri ɗaya. A nan ne rikici ke shigowa: wani in ya ce "ƙasa da biyu" yana nufin tsakanin finiyan da furofela, wani tsakaninsa da layin injin, wani ma da daɓen gareji yake aunawa. Lambar da aka karɓo daga bakin wani ba tare da an ji da me ya gwada ba, ba ta da amfani. Hanya ita ke raba gardama: karkarwa lokacin taka totur tana nuna finiyan ya yi sama, in kuwa sai an saki totur take zuwa, ya sunkuya da yawa.

Sai zaɓen hannuwa. Na ƙasa aikinsu tura mota gaba. Waɗanda Ford ta sa falle ne da aka lanƙwasa, da roba mai taushi, shi ya sa taya ke tsalle idan an fizgi mota. Sauya su da masu ƙarfi riba ce. Na sama su ne masu wuyar sha'ani. Gajeru ne, an kafa su a karkace, suna aiki biyu: hana aksul juyawa da hana shi zamewa gefe. Idan mota ta kwanta a kwana, dole su murɗe, kuma robar ce ke ba su wannan dama. Mai mota sai ya sayo bushin foliyuritan mai tauri ya cika duk bakuna takwas, yana murna mota ta yi ƙarfi. A miƙaƙƙiyar hanya haka ne. A kwana kuwa bayan motar yakan ƙage, ya saki taya ba sallama. Ƙarfin da roba ke shanyewa kuma sai ya koma kan akwatunan jikin mota inda hannuwan ke ɗaure, har su tsage; masu tsohuwar Mustang sun san waldar wurin nan.

A ganina, motar titi da ke shiga filin tsere jefi-jefi ta sa hannuwan ƙasa masu ƙwallon ƙarfe a baki ɗaya, ta bar roba a na sama. Ƙwallo yana murɗewa ba ƙagewa, sai dai yana kawo ƙara cikin mota, ƙura kuma tana cinye shi da wuri. Hannun sama mai zare, wanda ake ƙara wa tsawo ko a rage, shi ne makamin saita finiyan, amma a juya biyun daidai, in ba haka ba aksul zai kauce gefe. Wanda ya rage wa mota tsayi ya sake awo daga farko, domin hannuwan ƙasa sun sauya kwanciya.

Mai son kwana da gaske, ya cire na saman gaba ɗaya, ya sa dogon hannu guda daga aksul zuwa tsakiyar mota, da sandar Panhard mai tsare gefe. Haka Chevrolet ta fito da Camaro tun 1982. Ita ma Ford a 2005 ta koma hannun sama guda da sandar Panhard, kafin ta raba ƙafafun baya kowace da kanta a 2015. A tsarin dogon hannu hancin aksul ba ya ɗagawa sosai, saboda haka sunkuyon da ake bari ɗan kaɗan ne.