Filin Ciyawar Roba A Lajawa: Mu Fara Duba Ƙasar Da Za A Shimfiɗa Shi A Kai

Yau maganar ƙwallo za mu yi, kuma da matasan Lajawa nake, da sauran 'yan uwa na ƙaramar hukumar Wudil.

Duk wanda ke shiga cikin birnin Kano ya ga yadda ƙananan filayen ƙwallo na ciyawar roba suka yawaita, ana biyan kuɗi a buga na awa ɗaya, mutum biyar-biyar, har da dare a ƙarƙashin fitila. To yanzu sha'awar ta iso mu. Wasu na maganar a yi karo-karo, wasu na cewa a roƙi ɗan siyasa ya yi mana, wani kuma yana da fili a bayan gida yana ganin sana'a ce. Ni ina goyon baya ɗari bisa ɗari, domin matashin da ke fili da yamma ba ya zaman majalisar banza. Tsorona ɗaya ne, kada mu zuba kuɗi a kan laka.

Ita wannan ciyawa ta fara suna ne a 1966, lokacin da aka shimfiɗa ta a filin Astrodome da ke Houston a Amurka. A 2015 ma gasar cin kofin duniya ta mata a Kanada gaba ɗaya a kanta aka buga. Amma ku gane, kafet ce kawai mai ƙananan huji a jikinta. Ruwa na ratsa ta ya sauka ƙasa, kuma abin da ke ƙarƙashin shi zai nuna ko filin zai rayu ko zai mutu.

A yankinmu akwai jigawa, akwai fadama. Jigawa tana shanye ruwa nan take. Laka kuwa riƙe shi take yi, ta kumbura da damina, ta tsattsage da rani, kamar yadda kowane manomi ya sani. Idan ka shimfiɗa kafet a kanta kai tsaye, damina ɗaya ta isa filin ya yi tudu da kwari, ɗinkin ya buɗe, ruwa ya kwanta a gaban raga. Kuma abin takaici, filin da ya fi araha a gari sau da yawa shi ne kwari, ko tsohon kududdufin da aka cike da shara. Araha ba ta ado, jama'a.

Bari mu yi lissafi. Fili mai tsawon mita 40 da faɗin mita 20, idan aka yi ruwan sama na milimita 50 a dare ɗaya a watan Agusta, lita 40,000 ce ta sauka a kansa. Wato jarka 1,600 mai cin lita 25. Ina wannan ruwan zai je? Idan ba ka yi masa hanya ba, ko ya kwanta ya tara sauro, ko ya gangara gindin katangar maƙwabci. Gidajenmu da yawa na ƙasa ne, kun san abin da zai biyo baya, daga ƙwallo sai a koma gaban mai unguwa.

To me za a yi? Da farko a gwada ƙasar, kuma ba ya cin ko sisi. A haƙa rami zurfin gwiwa a wurare uku ko huɗu, a cika da ruwa, in ya shanye a sake cikawa. In aka dawo washegari ruwan na nan, to laka ce. Ko ka jiƙa ƙasar ka murza a tafin hannu, in ta yi tsawo kamar igiya ba ta karye ba, amsar kenan.

In laka ce, ba a ce an fasa ba, sai dai aikin ya ƙaru. Za a kwashe ƙasar sama, a daddale da rola, a ba filin gangare na kamar santimita 1 a kowace mita. A haƙa ramuka a jera bututu masu huji, a lulluɓe su da tsakuwa, su kai ruwan zuwa kwata ta gaske. A shimfiɗa irin yadin nan da ke hana laka haurowa ta cakuɗe da tsakuwa, sannan a zuba dakakken dutse a sake dannewa. Sai a ƙarshe kafet ta hau, a watsa mata yashi. Duk ɗan kwangilar da ya fara da nuna muku launin ciyawa bai yi maganar magudanar ruwa ba, ku riƙe kuɗinku. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote nan a Wudil, a nemi injiniya ya zo ya duba filin kafin a sa hannu a takarda.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa. Wannan ciyawa tana ɗaukar zafi fiye da ta gaske nesa ba kusa ba, a watan Afrilu da rana tsaka ba ta takuwa, balle ga yaran da ke buga ƙwallo ba takalmi. Ƙurar hunturu tana toshe hujin, dole a riƙa share ta. Bayan kamar shekara 8 zuwa 10 kuma sai an canza ta, don haka daga ranar farko a riƙa ware wani abu daga kuɗin shiga.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu ita ce, in kuɗin bai kai ba, a fara da ƙarƙashin. A gyara gangare, a yi magudana, a zuba burji a daddale, a buga ƙwallo a haka damina ɗaya a ga inda ruwa ke kwanciya. Kafet ta jira baɗi. In kuma ɗan siyasa ne zai yi, a nemi ganin takardar aikin, a tura mutum biyu su tsaya a wurin ranar da ake binne bututu, domin da zarar an rufe ba mai sake gani.

Wanda yake da fili a ransa, ya je ya haƙa ramin nan a wannan makon, ya turo mana abin da ya gani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ba mu damina mai albarka.