Kalma Ɗaya, Ma'ana Ɗaya: Daidaita Lafazin Hukunci a Kotunan Damargu



Maganata a kan layuka huɗu ko biyar ce, waɗanda alƙali ke karantawa a ƙarshen shari'ar laifi, magatakarda ya rubuta su cikin kundi. Da su ake kai mutum gidan kaso, da su ake buɗe masa ƙofa.

Dokar laifuka ta Nijar da dokar tsarin shari'ar laifuka duk a 1961 aka fara kafa su, kuma da Faransanci aka rubuta su. A can lafazi a daidaice yake: kowane hukunci da sunansa, magatakardan Tanut da na Damagaram abu ɗaya suke rubutawa. Matsalar tana tsakanin bakin alƙali da kunnen wanda ake tuhuma. Makiyayin da ya taso daga Tenhya, Buzu ne ko Bafillace, Hausar kasuwa ce ta haɗa shi da kotu, kuma abin da tafinta ya faɗa masa shi ne hukuncin da zai koma gida da shi.

Mu ɗauki abin da Faransanci ke kira sursis. Wani tafinta zai ce ɗaurin talala, wani ya ce ɗaurin je-ka-gyara-halinka. Amma talala a kunnen makiyayi igiya ce mai tsawo da ake ɗaure dabba da ita tana kiwo, ƴan jarida kuma suna faɗin ta ga wanda aka tsare a gidansa. Mutum ya fita kotu yana ganin an yafe masa, alhali ɗaurin yana rataye a wuyansa shekara biyar, ranar da ya sake laifi a haɗa masa da na baya. Doka ta wajabta wa alƙali ya yi masa wannan gargaɗi. Ina amfanin gargaɗin da bai shiga kunne ba?

Haka “an sake shi” take. Jimla ɗaya ce ke ɗauke da kaya uku: wanda kotu ta wanke, wanda alƙali mai bincike ya ga babu hujjar gurfanar da shi, da wanda aka yi wa sakin wucin gadi kafin shari'a. Na ukun nan shi ya fi damuna. Shi dai ya ji an sake shi, damina ta faɗi, ya bi garke arewa. Ranar zama ba a gan shi ba, a yanke hukunci a bayan idonsa, a ɗauke shi mai gudun shari'a. Manomin da garkensa ya yi wa ɓarna kuwa ya gan shi a kasuwar Belbeji yana yawo, sai ya ce an sayi shari'a. Daga irin wannan zato ne rikicin gona da garke ke sake tashi.

Sai kuɗi. A bakinmu da dala ake ƙirga, dala kuwa sefa biyar ce. Tarar sefa 50,000 jika hamsin ce. Idan tafinta ya ce “dubu hamsin” ya yi shiru, mai ƙirga da dala ya ji sefa 250,000. Kuma tara ta baitulmali ce, biyan ɓarna na mai gona ne. In ba a raba su da suna ba, wanda ya biya ɗaya zai rantse ya gama.

Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka ƙofa a buɗe take. Abin da nake roƙo ƙarami ne. A zaunar da alƙalai, magatakarda, tafintoci da masana harshe ƙarƙashin kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram, su tsayar da jimla ɗaya ga kowane irin hukunci, a buga ta kusa da ta Faransanci. A faɗi wa'adi da watanni, kuɗi da sefa da kuma jika, a rufe da cewa wanda aka yanke wa hukunci yana da kwana goma na ɗaukaka ƙara, tare da ranar da kwanakin za su cika. Kafin a buga, a gwada jimlolin a kasuwar Tanut da bakin rijiyoyin Tenhya, a tambayi mutane abin da suka fahimta, domin Hausar ofis ba ita ce ta Damargu ba. In ta zauna, a bi da Tamajek da Fillanci. Sannan magatakarda ya ƙara layi ɗaya cikin kundi: an karanta masa hukuncin da harshe kaza, ta bakin tafinta wane, ya kuma maimaita shi da bakinsa.